Gidan Helen da Tarihin Hutun Masu Jinya a Ingila

Duk wanda ya yi nazarin littattafan tarihin likitanci zai tarar marubutansu sun cika shafuffuka da sunayen likitocin da suka gano sabubban cututtuka, da masu hikimar da suka harhaɗa magunguna, da sarakuna da attajiran da suka gina asibitoci domin neman lada ko neman suna. Amma da wuya ya ga an keɓe ko da babi ɗaya ga matar da ke tashi cikin dare tana juya ɗanta don kada gyambon kwanciya ya kama shi, alhali kuwa a hannunta da hannun mutanen gidanta mafi yawan jinyar duniya take gudana. Al'adar nan ta karɓar yaro mai ciwo mai tsanani na 'yan kwanaki, domin iyayensa su sami barci, 'yan'uwansa kuma su sami iyayensu, sa'an nan a mayar da shi gida, tana da asali sananne da shekara sananniya, domin kuwa a birnin Oxford na ƙasar Ingila aka fara buɗe mata gida na musamman, cikin shekarar 1982. Sai dai ba za a gane abin da ya wajabta gina wannan gida ba, sai an waiwayi irin zaman da yara marasa lafiya suka yi a waccan ƙasa gabanin haka.

Asibitin yara na farko a Turai an buɗe shi ne a birnin Paris cikin 1802, na Landan kuwa, wanda ke titin Great Ormond, sai a 1852 likita Charles West ya buɗe shi da gadaje goma tak. Asibitocin da suka biyo bayansa sun ceci rayuka masu yawa, wannan babu jayayya a kansa, amma sun zo da wata ƙa'ida mai tsauri, watau raba yaro da danginsa tun daga ranar da aka kwantar da shi. Har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, asibitoci da dama ba su yarda uwa ta ga ɗanta sai sa'a ɗaya a mako, wasu ma sau ɗaya a wata, bisa hujjar cewa baƙi suna shigo da cuta, kuma yaro yakan ɓarke da kuka bayan tafiyar uwarsa har ya dami ɗakin. Yayye da ƙanne kuwa ba a ma kawo zancensu, ƙofa a rufe take gare su. Mai karatu da ya saba ganin mai jinya da tabarmarta da butarta a gindin gadon mara lafiya zai yi mamakin wannan tsari, kuma yana da gaskiya. A 1952 wani mai bincike, James Robertson, wanda ke aiki tare da likita John Bowlby, ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti ba tare da uwarta ba, ya nuna wa likitoci yadda ta fara da kuka, ta koma shiru, har ta zama ba ta ko ɗokin uwar idan ta zo. Ya ce musu shirun nan da suke ɗauka dangana ce, yanke ƙauna ne. Likitoci da yawa sun fusata, amma hujja ta riga ta tsaya. A 1959 kwamitin da Sir Harry Platt ya shugabanta ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu ba tare da ƙayyade lokaci ba, a tanadi wurin kwana ga uwayen ƙananan yara, kuma kada a kwantar da yaro matuƙar ana iya jinyarsa a gida. A 1961 waɗansu uwaye suka kafa ƙungiya don matsa wa asibitoci lamba su cika wannan shawara, domin an daɗe ana jan ƙafa.

Wannan duk game da yaran da ake sa ran warkewarsu ne. Waɗanda aka haifa da naƙasa mai tsanani, ko ciwon da likita ya san ba shi da magani, makomarsu dabam ce: akan shawarci iyaye su kai su waɗansu manyan asibitoci na dindindin, galibi a bayan gari, inda yaro zai shiga da ƙuruciya ya zauna har ajalinsa. A 1967 wata jarida ta fallasa irin cin zarafin da ake yi wa majinyata a asibitin Ely da ke Cardiff, rahoton binciken hukuma da ya fito a 1969 kuwa ya tabbatar da mafi yawan abin da aka faɗa. Wata malamar makaranta mai suna Maureen Oswin, wadda ta koyar da yara masu naƙasa a asibiti shekaru masu yawa, ta bi ɗakunan irin waɗannan wurare ta zauna tana kallo tana rubutawa, ta fitar da littafi a 1971 da wani a 1978, inda ta bayyana yaran da ake wanke su, a ciyar da su, a shimfiɗe su, sa'an nan a bar su yini guda babu mai ɗaukarsu, babu mai yi musu magana. Hukuma ta karkata ga ra'ayin cewa gida ya fi, aka soma rage kwantar da yara a waɗannan asibitoci, kuma lalle wannan hukunci daidai ne. Illa iyaka, da aka ce gida, ba a tsaya an tambayi wane ne gidan ba. Gidan kuwa, a mafi yawan lokuta, mace ɗaya ce, da miji mai fita neman abinci, da yara biyu ko uku masu lafiya, a ƙasar da dangi suka warwatsu, kaka tana wani gari, goggo tana wani, maƙwabci kuma iyakarsa gaisuwa ta kan shinge.

Ya kamata a san irin jinyar da ake nufi, domin ba irin ta zazzaɓi ba ce da ake yi mako ɗaya a miƙe. Akwai cututtukan gado masu cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, kamar ciwon Batten da ciwon Sanfilippo, inda ake haihuwar yaro lafiya lau, ya yi tafiya, ya yi magana, daga baya ya riƙa mantawa da abin da ya koya ɗaya bayan ɗaya, har gani ko ji ya tafi, hadiya ta gagara. Akwai ciwon shanyewar tsoka na Duchenne, wanda kusan maza kaɗai yake kamawa, ya zaunar da yaro a keken guragu wajen shekara goma zuwa goma sha biyu, hankalinsa kuwa yana nan garau yana kallon abin da ke faruwa da jikinsa. Akwai kuma waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa ko sanadin haɗari. Irin wannan yaro ana ciyar da shi ta robar hanci ko ta ciki, ana zuƙe masa majina da na'ura, ana ba shi maganin farfaɗiya a kan sa'a, ana ɗaga shi a sauke shi yana ƙara nauyi kowace shekara, ƙarfin iyayensa kuwa yana raguwa. Kuma wannan hali yakan ɗauki shekara biyar, ko goma, ko ashirin, domin ci gaban likitanci da ya kasa warkar da su ya iya tsawaita kwanakinsu. Tun da yake da yawa daga cututtukan na gado ne, sau da yawa kafin a gano ciwon babba an riga an haifi ƙaninsa da irinsa.

Taimakon farko da aka kawo na kuɗi ne. A 1971 aka fara biyan alawus ga masu naƙasar da ke bukatar a tsaya a kansu, a 1973 kuma, bayan hayaniyar da ta tashi a kan yaran da maganin talidomaid ya naƙasa tun suna ciki, gwamnati ta ware fam miliyan 3 ta damƙa wa gidauniyar Joseph Rowntree ta birnin York, domin ta saya wa iyalai abin da zai rage musu wahala, kamar injin wanki da kayan shimfiɗa. Wani taimakon ya ɓullo ta inda ba a zata ba: wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Crossroads ya nuna saurayin da haɗarin mota ya gurgunta da yadda mahaifiyarsa take fama da shi, abin ya taɓa zukatan masu kallo, har kamfanin da ke shirya wasan ya ba da fam 10,000 aka fara wani shiri a garin Rugby cikin 1974, na aika ma'aikaci gida ya karɓi mai jinya na 'yan sa'o'i. Duk waɗannan sun yi amfani, amma injin wanki ba ya tsaron yaro da dare, kuma idan uwa ta kai maƙura, abin da ya rage mata shi ne ta roƙi gado a ɗakin marasa lafiya na asibiti, ta bar ɗanta a hannun waɗanda ba su san yadda yake nuna ƙishi ko ciwo ba, tun da ba ya magana.

A gefe guda kuma, wata hanya tana buɗewa ga manya. Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya, ta yi aikin jin daɗin jama'a, sa'an nan ta koma makaranta ta zama likita, ta buɗe gidan St Christopher a kudancin Landan cikin 1967, domin waɗanda magani ya ƙare musu, galibi masu ciwon daji. Ta koyar da cewa a ba da maganin zafi a kan ƙa'ida tun kafin zafin ya dawo, kuma zafin majinyaci ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da na ruhi, da na damuwar iyali, saboda haka iyalin ma abin jinya ne. Wannan koyarwa ita ce tushen abin da ya biyo baya. Sai dai baligi da ya shiga irin wannan gida yakan yi makonni ne kaɗan kafin cikawa, yaro mai ciwon gado kuwa shekaru ne a gabansa, saboda haka bukatar iyalinsa wata ce dabam.

Cikin 1978 wata yarinya mai suna Helen Worswick, tana da shekara biyu da rabi, ta kamu da rashin lafiya farat ɗaya, aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, aka yi mata tiyata aka cire, amma ƙwaƙwalwar ta sami mummunar illa, ta yadda ba ta ƙara magana ko zama ko sarrafa gaɓoɓinta ba. Bayan kimanin wata shida a asibiti, da ya tabbata babu sauran abin da likitoci za su iya, iyayenta, Richard da Jacqueline, suka ɗauko ta zuwa gida, a daidai lokacin da suke da jaririya sabuwar haihuwa. Tun tana asibiti suka saba da wata mata mai zuhudu ta cocin Ingila, Frances Dominica, wadda ta koyi aikin jinyar yara a asibitin Great Ormond kafin ta shiga zuhudu, kuma tun 1977 ita ce shugabar jama'arta ta All Saints a gabashin Oxford. Ta ci gaba da ziyartarsu a gida, ta ga yadda rashin barci da baƙin ciki suke cinye su, rannan sai ta tambaye su ko sun amince da ita har su ba ta aron Helen na 'yan kwanaki. Suka yarda. Aka shimfiɗa wa yarinyar gado a ɗakin Frances cikin gidan zuhudun, ta riƙa zuwa lokaci bayan lokaci, iyayen kuwa suka riƙa samun dare ɗaya ko biyu na barci cikakke, da yinin da za su fita da ƙanwarta kamar sauran mutane.

A ganina wannan tambaya ta amincewa ita ce ƙashin bayan al'amarin duka, kuma ita ce ake yawan mantawa idan ana lissafin gadaje da kuɗi. Mai jinya kamar mai ɗauke da tulu ne a ka kan doguwar hanya: bukatarsa a kama masa ya sauke, ya huta wuya, a sake aza masa, kuma ba zai yarda ya sauke ba sai a hannun wanda ya tabbata ba zai fasa masa ba. Iyayen Helen ba su taɓa neman a raba su da 'yarsu ba, kuma ba za su iya runtsawa ba da sun bar ta wurin baƙo. Abin da ya sa hutun ya zama hutu shi ne mai karɓar ta san yarinyar, tana ƙaunarta, kuma ƙwararriya ce a aikin.

A farkon 1980 tunani ya zo na faɗaɗa wannan zumunci ya kai ga waɗansu iyalai, aka shiga neman taimakon jama'a, aka sa mai zanen gini John Bicknell ya tsara gida a cikin lambun gidan zuhudun, iyayen Helen kuwa suka zauna da shi suna faɗa masa abin da gida irin wannan yake bukata daga abin da suka sani a aikace. A watan Nuwamba na 1982 aka buɗe shi, aka sa masa sunan yarinyar. Ɗakunan kwanan yara takwas ne kacal, da gangan, domin kada ya rikiɗe ya zama asibiti. Akwai masaukin iyaye da 'yan'uwa ga waɗanda suke son zama, akwai ɗakin wasa da lambu, ma'aikata ba su sa tufafin asibiti, kuma a teburi ɗaya ake cin abinci, da likita da mai dafuwa da uba da ƙanin majinyaci. Ba a karɓar ko kwabo daga iyali. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce iyaye su ne malamai a kan ɗansu: idan uwa ta ce ga yadda ake kwantar da shi, ga waƙar da ke sa shi barci, ga alamar da ke nuna farfaɗiya na tafe, haka za a bi, ba a sauya masa tsari don jin daɗin ma'aikata. Galibin iyalai a zuwan farko ba su tafiya ko'ina, sukan kwana a ɗakin kusa suna leƙowa cikin dare; sai daga baya uwa take iya shiga mota ta koma gida. Da yawa sun zaci gidan zai cika da masu ciwon daji, amma sai aka ga mafi yawan masu zuwa yaran nan ne masu cututtukan gado da na ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan kwanakin da ake yi a gidan na hutu ne, waɗanda ake tsarawa tun da wuri, ko na gaggawa idan uwa ta kwanta ciwo. Zuwan ƙarshen rayuwa kaɗan ne a cikinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka kowane hutu alheri ne. Ita dai Maureen Oswin ta sake fitar da littafi a 1984, wannan karon a kan gidajen da hukumomi ke ajiye yara masu naƙasa na ɗan lokaci, ta nuna cewa a wurare da yawa yaro yakan tsinci kansa cikin baƙi ba tare da an shirya shi ba, ma'aikata suna canjawa, tufafinsa suna cakuɗewa da na wasu, yana kewar gida ba shi da bakin faɗa, iyaye kuwa suna karɓo shi da nadama a zuci. Sukarta ta yi zafi, kuma ta yi amfani, domin ta tilasta wa masu wannan aiki su yarda cewa kwanakin hutu dole su zama abin daɗi ga yaron kansa, in ba haka ba an sayi barcin uwa ne da hawayen ɗanta, ita kuwa ba za ta sake yarda da irin wannan ciniki ba. Daga nan ne aka ƙarfafa shirye-shiryen haɗa iyali da wani iyali guda tabbatacce da zai riƙa karɓar yaron, da aika ma'aikatan jinya su kwana a gidan majinyaci.

Saura 'yan'uwa, waɗanda su ne na ƙarshe da idon masana ya kai gare su. Yaro mai lafiya a gidan da ake doguwar jinya yakan koyi abubuwa tun kafin lokacinsu: ya san sunayen magunguna kafin ya iya karatu sosai, ya san kada ya gayyato abokai domin ɗakin zama ya cika da na'urori, ya san alkawarin fita yawo yana iya rushewa da tari ɗaya, ya san a yi shiru idan an ga fuskar uwa ta canja. Wani yakan zama yaron kirki fiye da kima, ba ya roƙo, ba ya ƙorafi, domin ya ga kayan da ke kan iyayensa ya ishe su. Wani yakan yi ta fitina a makaranta, domin ta nan kaɗai ake kiran sunansa. A zuciyarsa kuwa akwai abubuwan da ba ya iya furtawa: kishin kulawar da ake yi wa mara lafiya, da kunyar wannan kishi, da tsoron ko wata muguwar kalma da ya taɓa faɗa cikin fushi ita ta jawo ciwon, da tsoron ko shi ma ciwon yana jikinsa, wanda a cututtukan gado ba tsoron banza ba ne, tun da yana iya zama mai ɗauke da ƙwayar ya gadar wa 'ya'yansa. Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Amurka, Myra Bluebond-Langner, ta nuna a littafinta na 1978 cewa ƙananan yara masu sankarar jini sun san mutuwa za su yi, suna dai ɓoyewa ne don su tausaya wa iyayensu, kamar yadda iyayen ke ɓoye musu. A 1996 kuma ta fitar da bincike a kan iyalan masu ciwon gadon nan da ke cika huhu da majina mai kauri, inda ta juya ga 'yan'uwa masu lafiya, ta nuna su ma suna cikin wannan zaman na kowa ya sani, kowa ya yi shiru. A shekarar da aka buɗe Gidan Helen, wani malami mai suna Don Meyer ya fara tara 'yan'uwan yara masu naƙasa a Jami'ar Washington da ke Seattle, su yi wasa, su ci abinci, su yi hira da waɗanda ba sai an yi musu dogon bayani ba, kuma wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Abin da gidajen hutu suka yi wa waɗannan yara iri biyu ne. Na farko a gida yake faruwa, ba a gidan hutun ba: kwana uku da uwa za ta raka 'yarta makaranta, ta tsaya ta saurari labarinta har ƙarshe ba tare da kunnenta yana ɗaya ɗakin ba. Na biyu kuwa, an buɗe musu ƙofar da asibitoci suka rufe musu a da: suna kwana, suna wasa a lambu, suna tambayar ma'aikata abin da suke jin nauyin tambayar iyayensu, a ba su amsa ta gaskiya gwargwadon shekarunsu, daga baya gidaje da yawa suka ɗauki ma'aikata na musamman domin 'yan'uwa kaɗai. Har ila yau Gidan Helen ya tanadi wani ƙaramin ɗaki mai sanyi, wanda aka shirya kamar ɗakin kwana, inda gawar yaro za ta iya zama har ranar jana'iza, tun da a al'adarsu akan ɗauki kwanaki kafin binnewa. A nan ƙane ko wa zai shiga ya fita yadda ya so, ya ga ɗan'uwansa, ya tabbatar da idonsa, maimakon a ce masa kawai an tafi da shi. Mu da muke gaggauta sutura za mu ga baƙuncin wannan, amma maƙasudin a fili yake, watau kada a bar yaro da zato, domin abin da zuciyar yaro ke ƙagawa ya fi gaskiya ban tsoro. Bayan rasuwa kuma ba a yanke hulɗa da iyali, akan ci gaba da ziyara da ta'aziyya shekaru.

Cikin ɗan lokaci wasu suka yi koyi. Aka buɗe Gidan Martin a Yorkshire a 1987, da Acorns a Birmingham a 1988, da Gidan Rachel a Kinross ta ƙasar Sikotlan a 1996, har yau Birtaniya tana da irinsu fiye da 50. Aka buɗe Canuck Place a Vancouver ta Kanada a 1995, da Balthasar a garin Olpe na Jamus a 1998, da Gidan George Mark a Kalifoniya a 2004. Ba kowa ya ɗauki siffar ginin ba: a Warsaw likita Tomasz Dangel ya kafa nasa a 1994 bisa bin yara gidajensu, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu kuwa Joan Marston ta buɗe Gidan Sunflower a 1998, lokacin da ƙanjamau yake kashe iyaye ya bar kakanni da jikoki marasa lafiya, ta yadda mai bukatar hutun tsohuwa ce, ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ta zama uwar gida da ƙarfi da yaji. A wannan shekara ta 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayaninta a kan kula da yara masu ciwon da ba ya warkewa, ta sanya tallafa wa iyali a cikin aikin tun daga ranar da aka gano ciwon. Da malaman fiƙihu za a ba wa mas'alar, da sun sanya ta a babin farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Abin da Turawan suka ƙara shi ne rajista da jadawali da albashin ma'aikaci, domin zumuncin da babu mai tsara shi yakan yi yawa a makon farko na ciwo, ya ƙafe a shekara ta biyu.

Doka ta biyo baya da jinkiri. Dokar Yara ta 1989 ta ɗora wa ƙananan hukumomi tallafa wa yara masu naƙasa da iyalansu. A 2007 gwamnati ta ware fam miliyan 280 domin gajeren hutu. A 2011 aka wajabta wa kowace ƙaramar hukuma a Ingila ta tanadi irin wannan hutu ta kuma bayyana wa jama'a abin da ta tanada. Wata doka ta 2014 kuma ta ba yaran da ke taya jinya a gida, waɗanda da yawansu yayye ne da ƙanne, haƙƙin a duba bukatunsu. Amma bukata ta fi tanadi gudu. Binciken da Farfesa Lorna Fraser ta jagoranta a Jami'ar York ya ƙidaya yara 32,975 masu cututtukan da ke gajarta rayuwa a Ingila a 2001 zuwa 2002, adadin kuma ya kai 86,625 a 2017 zuwa 2018, wani ɓangare saboda kyautatuwar rajista, wani saboda yaran suna daɗewa a duniya. Gidajen kuwa har yau mafi yawan kuɗinsu daga sadakar jama'a yake fitowa, da wasiyyar mamata, da kantunan sayar da kayan gwanjo, rabon gwamnati ƙarami ne.

Tsawon rai ya haifar da wata mas'alar. Helen kanta, wadda ba a zaci za ta daɗe ba, ta rayu a hannun iyayenta har 2004, ta rasu tana da shekara 28. A wannan shekara Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe Gidan Douglas a harabar Gidan Helen, domin samari da 'yan matan da suka wuce shekarun gidan yara, alhali gidajen manya ba su saba da irin jinyarsu ba; ya yi aiki shekara 14, aka rufe shi a 2018 saboda ƙarancin kuɗi, iyalan da suka dogara da shi suka koma neman mafita, da yawansu iyayen sun haura hamsin, ɗan da suke ɗagawa kuwa ya zama cikakken mutum. A irin waɗannan gidaje nauyin yakan gangaro kan wa ko ƙanwa da suka girma, suna da aikinsu da aurensu, kuma saboda haka ƙungiyar Sibs, wadda aka kafa a Birtaniya a 2001 domin 'yan'uwan masu naƙasa, take gudanar da zaure dabam domin manya, inda ake tattauna sha'anin gado, da wakilci a gaban hukuma, da wanda zai karɓi jinya bayan rasuwar iyaye.